Baba Sammako da Gwabar da Take Tafiya

Kafin gari ya gama wayewa, in ka ji ƙarar sarƙa a ƙofar makarantar firamaren unguwarmu, to Baba Sammako ne. Shi ne maigadin makarantar, kuma sunan nan mutane ne suka laƙaba masa har na yanka ya ɓace. Yana dawowa daga sallar asuba zai sha ruwan ɗumi, ya buɗe ƙofa, ya share gaban ofis, sannan ya zaga filin wasan yara da ƙafa, hannuwa a baya, yana duba katanga. Daga nan sai ban ruwan shuke-shuke. Ko ruwa ake ko sanyi, haka yake yi tun ina 'yar makarantar, ga shi yau 'ya'yana ne a ciki.

Ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji da kunnensa. Mu dai mun iya yabon mutum bayan ƙasa ta rufe masa ido, ni kuwa ban ga ranar wannan ba.

Da izinin shugaban makaranta yake barin ƙofar a buɗe da sassafe, kafin yara su iso, don mutanen unguwa su taka ƙafa a filin. Amma ban taɓa jin ya ce wa wani ya zo ya motsa jiki ba. Ya san halinmu, ka ce wa babba ga abin da zai amfane shi, sai ya ce ka raina shi. Maganarsa guda ce: "Zo ka taya ni." Gwaggona mai ciwon suga, cewa ya yi ta taya shi duba famfon da ke can ƙarshen fili, wai idonsa ba ya ganin yoyo. Telan bakin layi, da tumbi ya sha masa gaba, shi aka ɗora wa zagayen katanga. Famfon nan kam ya sha dubiya, kuma har yau ba a kama shi yana yoyo ba.

Abin da ya yi wa mahaifina shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya, ga baki, ga kafiya. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da za a sallame mu daga asibiti likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafar za ta dawo in ana taka ta kullum, in kuwa ya kwanta, to ya kwanta ke nan. Baba ya dawo gida ya juya fuska ga bango. Yayana ya sayo masa sanda, ya tura ta ƙarƙashin gado. Inna ta yi lallashi har ta koma kuka. Ni kuwa, da na gado bakinsa, na yi masa faɗa, ya ce, "Ni da na ratsa duniya da mota, yanzu yaran layi su riƙa kallona ina jan ƙafa? Ku bar ni." Wallahi na tsorata, don kullum ina ganin ƙafar tana ƙara sirancewa.

Wata safiya sai ga Baba Sammako ya yi sallama. Bai tsaya doguwar gaisuwar jiki ba, ya zauna a bakin gado ya ce, "Direba, ina cikin matsala. An ba ni dashen gwaba a bokiti, ga shi tana neman mutuwa a hannuna. Na ga taka ta tsakar gida kamar ba a ƙasa ɗaya muke ba."

Baba bai juyo ba, amma ya ce, "Yaushe kake ba ta ruwa?"

"In rana ta take."

Sai ga Baba ya juyo. "Ai dafa ta kake yi. Kai dai ban da kaɗa makulli ba abin da ka iya."

"Shi ya sa na zo. Ka taya ni, da sassafe, kafin kowa ya fito."

Mutumin da ya raya duk itatuwan makarantar nan ne fa yake faɗin haka, ko gezau. Washegari Baba ya sa na zaro sandar. Makarantar tsallaken layinmu ce, amma kafin mu kai ya jiƙe da gumi. Bokitin yana nan daf da ƙofa. Ya zuba mata ruwa da 'yar buta, ya yi wa maigadi faɗa son ransa, muka dawo. Ranar ya ci abinci sosai.

Daga nan gwaba ta fara tafiya. Bayan 'yan kwanaki muka tarar da ita a bayan ofis, wai awaki suna leƙenta. Da Baba ya saba da nan, sai ta koma gindin ragar ƙwallo, wai inuwa ta yi mata yawa. Raina ya ɓaci, na ja Baba Sammako gefe na ce, "Baba, mutum yana jan ƙafa da ƙyar, kai kuma kana ƙara masa hanya?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ki bar gwaba ta yi tafiyarta."

Akwai ranar da Baba ya yi tuntuɓe ya zube a tsakiyar fili. Na zabura, Baba Sammako ya tare ni da tsintsiya, ya juya baya ya ci gaba da shara kamar bai gani ba. Ina tsaye har Baba ya dafa sanda ya miƙe da kansa. Ya waiga, ya ga ba mai kallonsa, ya kakkaɓe riga ya nufi gwabarsa.

Kai ne, Baba Sammako, ka san cewa mai ciwo yana buƙatar mutuncinsa kamar yadda yake buƙatar magani. Kai ne ka yarda a kira ka wanda bai iya komai ba, don wani ya ji har yanzu yana da amfani. Na gaba a tashi, na baya a neman yabo.

Yanzu gwabar tana cikin ƙasa, can kusa da famfo, ta kai ni tsawo. Baba shi kaɗai yake zuwa, sandar ma rabin hanya a kafaɗa take. Ya koyi shan ruwan ɗumi, yana shan maganinsa a kan lokaci, faɗan ne dai bai ragu ba. Na taɓa tambayarsa ko ya san da gangan ake matsar da bokitin. Ya harare ni ya ce, "Ke, direba ne fa ni, hanya ba ta ƙaruwa ban sani ba. Shiru na yi kada in ɓata wa tsoho dabararsa."

Mun gode, Baba Sammako. Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Shugaban makaranta ya yi alkawarin ƙofa ba za ta rufu ba bayanka. Ku kuma masu karatu, kowa yana da wani a gida ko a maƙwabta da ya juya fuska ga bango. Ku rage wa'azi, ku nemo masa abin da zai taya ku gobe da safe.

Makon jiya surukar Baba Sammako ta tsegunta mana wai yana cewa in ya ajiye aiki zai shimfiɗa tabarma ya kwanta, shi kam ya gama nasa. Shekaranjiya da sassafe na ga Baba ya ɗauki tsohon bokitin nan, da sabon dashe a ciki, na bi shi a baya har ƙofar gidan maigadi. Ya yi sallama ya ce, "Sammako, ina cikin matsala. In ka ajiye makullan nan, zo ka taya ni."

Baba Sammako ya dube shi, ya yi dariya har da share ido. "A ina za ka ajiye ta?"

Baba ya dire bokitin a bakin zaure ya ce, "Nan kusa. Yau dai nan kusa."