Katako Shidan da Colton Ya Ɓata

Darla Huffaker, can ƙauyensu a Idaho, da kanta ta koyar da ɗanta Colton a gida, kuma kowa ya san ta da iyayi. Yana gama aji huɗu ta ce littafin lissafinsa ya cika sanyi. Ta sayo na wani kamfani, ta haɗa masa da darasin kwamfuta ya riƙa bita shi kaɗai, ita kuwa ta tafi wajen awakinta.

Ashe tsohon littafin sai a aji biyar yake koyar da rabi da kwata, sabon kuma tun a aji huɗu ya wuce wurin. Kwamfutar ma abin da yaro ya iya take maimaita masa, kullum sai yabo.

Yana shekara sha bakwai wani kafinta ya ɗauke shi gwaji. Kwana uku ya dawo.

"Mama, cewa ya yi in yanko inci biyar da uku bisa takwas. Katako shida na ɓata."

"Haba, ɗan nan! Ba mu yi wannan ba?"

"A wane littafin?"

Darla ta sauko da kwalaye, ta bi shafi-shafi. Wallahi ba su yi ba. Aikin kuwa wani aka ba.