Zuwa Keita Bizne Inna

Lahadi da Litinin: daga gida zuwa Buza

Mun bar garinmu, nan gefen Madawa, ranar Lahadi tun ba a kira asalatu ba, cikin wata bazara ta zamanin yaƙin Jamus. Mu uku ne: ni, da Inna bisa jaki, da mai jakin, Bagudu, mutum mai tsoron inuwarsa. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, sai da na yi jikoki na shiga lakwal, makarantar boko ta manya, shi ya sa labarin ya daɗe bai hau takarda ba.

Shekara uku Inna na fama da sanyin ƙashi. Gwiwa da kwankwaso sun riƙe, salla ma daga zaune. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, an ɗana mata ƙarfe mai zafi har gwiwar ta koma kamar ƙwarya mai zane. Sai Baba Nomau, ƙanen marigayi babanmu, ya aiko: in ruwan shuka ya sauka ba ta iya tsayawa cikin gonar fadama, shi zai shuka ta. Yayyena maza biyu Nasara ya kwashe su aikin hanya, kuma kowa ya san gonar da Baba Nomau ya shuka sau ɗaya ba ta komowa. Da na ji labarin wata tsohuwa, Takna, can bayan Keita, mai tada waɗanda ƙashi ya zaunar, ban yi shawara da kowa ba.

Mun kwana hanya wajen wasu makiyaya, sunka ba mu nono da fura. Litinin da azahar munka iso Buza. Direbobin yau na cewa kilomita wajen hamsin ne, amma ƙugun Inna ya ƙirga ɗari.

A bakin gari gardi, ɗan sandan Nasara, ya tare mu, wani dogo baƙon ƙasa, harshensa ba ya kama ƙa.

"Ina zuwa? Ina takarda?"

"Magani za mu, ranka ya daɗe. Ciwon ƙashi."

"Kashi?" Ya ja da baya.

Na buɗe baki in gyara masa, Inna ta dafe ciki ta yi wani nishi. "Ke Kuluwa, sauke ni nan, ya taso!"

Gardi ya toshe hanci yana kore mu da bulala. Ba mu da takarda, ba a kuma sake tambayarta ba.

Talata da Laraba: Deule, sannan Keita

Daga Buza hanya ta koma dutse. Jaki na tuntuɓe, Inna na zaginsa har kakansa, Bagudu na ba jakin haƙuri. A Deule wata Guggo mai tuwon dawa ta sauke mu, ta karɓi tamma biyu, ta ba mu shawara kyauta: "Ku yi hattara, mutanen can ba su yin komi irin namu." Bagudu bai ƙara cin loma ba.

Laraba da la'asar munka wuce Keita, munka kai wata tunga ƙarƙashin tudun rairayi. Takna 'yar ƙarama ce, Buzuwa, Hausarta gajeriya kamar ita. Ta latsa gwiwar Inna, ta ja ƙafa har Inna ta yi salati, ta miƙe tana kakkaɓe hannu.

"Wagga ta gama sanyi. Gobe hantsi mu bizne ta."

Na kama mata wuyan hannu. "Wa za ki bizne? Uwar wa?"

Ta yi dariya, ta nuna rairayi, ta nuna maƙogwaro. Iyakar nan, in ji ta, kai na waje. Bagudu yana can wajen jaki, kalma ɗaya ta kai kunnensa.

Alhamis: tudun rairayi

Da hantsi ya ɗaga anka haƙa rami. Takna ta mulke Inna da man shanu da kitsen jimina, anka naɗe ta da farin zane, mata huɗu sunka ɗauke ta. Maza ba su matsowa. Munka kwantar da ita, munka tura rairayi mai ƙuna har wuya, anka kifa mata faifai don rana.

"Kuluwa, ɗiyar banza, kin kawo ni a gasa kamar gyaɗa!"

Da zufa ta keto anka tone ta, anka lulluɓe da bargo, anka ba ta romon ƙashi mai kimba da citta. Ba wanka, ba iska, sai gobe a sake.

Amma tun tana cikin ramin na sauko ɗaukar bargon, na iske Bagudu ya ɗaure kayansa.

"Kuluwa, mi nig gani? Mata ka bizne mutum garin ga? Ba ko salla?"

"Kowane gari da al'adarsa, Bagudu."

"Mi za ni ce ma Baba Nomau?"

"Abin da ka gani. Da hannuna na tura ƙasa."

Allah shaida ne ban yi ƙarya ba. Kafin azahar ko ƙurar jakinsa babu.

Sau bakwai munka bizne ta, sannan ta huta kwana goma tana shan nonon raƙumi. Kada in yi maku daɗin baki: ciwon bai fita duka ba, har ta bar duniya gwiwar na gaya mata zuwan damina. Amma ranar bizo na biyar ta yi ruku'u a tsaye, ni da ba ni kuka na juya baya. Takna ta karɓi zane ɗaya da damin albasa.

Komowa

Munka biyo ayarin masu kanwa, Inna bisa takarkari, kwana huɗu. Ranar Juma'a da hantsi, hadari na haɗuwa gabas, ta ce a sauke ta bakin fadama.

Ban gane gonar ba. An share ta tas, an ƙone kututture, an baza taki jaki-jaki, har shinge sabo. Baba Nomau na tsakiya da kwandon iri, yana duban sama. Ashe da Bagudu ya kai labari, ya yi wa Inna sadakar uku da ta bakwai, har da rago, don gari ya ga wanda ya gaji nauyin gida.

Inna ta dogara sanda ta taka, ɗaya, biyu, har gabansa.

"Nomau, ƙanen miji, sannu da aiki."

Kwando ya faɗi. Ya ja a'uzubillahi sau uku, rawani na warwarewa. "An ce... an bizne ki!"

"Sau bakwai. Ƙasa ta ce ba ta iyawa da ni. Tattara irin nan, dawa ce ko gero?"

Ran nan da marece ruwa ya sauka, da safe munka shuka dawarsa cikin gonarmu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya maido mu, sannan ga Takna da rairayinta. Amma a cikin 'yan Adam ba wanda ya yi wa ƙashin Inna hidima kamar Baba Nomau, don shekarar nan ko tsinke ba ta duƙa ta ɗauka ba. Ragon ne kawai har gobe yake mana ciwo, an yanka shi dominmu, ko romo ba mu sha ba.