Kuncin da Rana Ta Cinye

A unguwar Gawon Nama ta Sakkwato, duk wanda ya san gidan Alhaji Gambo mai hatsi ya san Fiddausi, autarsa mai ƙafar yawo. Tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya. An sa ta koyon ɗinki, ta ce ƙarar keken na sa mata ciwon kai. Ta koma zanen lalle, hannunta ya faɗa har amare sun fara nemanta, sai ta wayi gari ta ce ta gaji da jiran lalle ya bushe. Ta yi ɗan zama a rumfar mahaifinta a kasuwa, ba ta rufa wata ba ta gudo. Mahaifiyarta ta daina faɗa, ta koma yi mata addu'a.

Yayanta Anas ne ya bar mata kyamara da tsohuwar kwamfuta lokacin da ya sami aiki a Abuja. Nan ne ta dace. Taron mata na cikin gida, suna ko walima ko wunin biki, namiji ba ya shiga, ita kuwa ko'ina a buɗe yake gare ta. Ga shi aiki ne na zirga-zirga, ta hau turmi, ta durƙusa, ta kutsa tsakanin mata.

Abin da ya hana ta sakat shi ne rana. Taron mata ba ya kankama sai rana ta take tsaka, ga zufa, ga man shafawa, ga kwanon rufi yana watso haske cikin tsakar gida. In ta dawo ta buɗe hotuna sai ta tarar da goshi da karan hanci suna ƙyalli fari fat. A waya ta koyi gyaran. Ta gane cewa in ta ja hasken hoton gaba ɗaya ƙasa, fuska takan dushe ta yi toka-toka, don haka sai ta zaɓi wurin ƙyallin kaɗai, ta rage shi sannu a hankali, ta ɗebo launin fata daga gefe ta shafa sama-sama yadda ƙofofin gashi ba za su ɓace ba. Tana yi tana kaɗa ƙafa, ta tashi ta leƙa waje, ta dawo. Abin ya shiga jininta har in ana magana da ita, goshin mutum take kallo tana raya yadda za ta rage shi.

Wata ranar Asabar aka kira ta walimar saukar Alƙur'ani a wani gida kusa da Hubbare. Matan aure ne suka sauke a hannun Malama Mariyatu, tsohuwa Bagobira wadda aure ya kawo Sakkwato tun tana yarinya. Malama ba ta son hoto. 'Yarta Sumayya ce ta yi ta roƙo har ta yarda a ɗauka sau ɗaya, amma ta ƙi tashi daga buzun da take zama kullum, inda inuwar zaure ta rufe rabin jikinta, rana ta bugi ɗaya rabin.

"Malama, da kin ɗan matso ciki kaɗan," in ji Fiddausi.

"Nan ni ka zama. In za ki ɗauka, ɗauki."

Daidai lokacin wata ɗaliba ta yi tuntuɓe da gefen tabarma, allonta ya tashi sama, Malama ta tuntsire da dariya. Fiddausi ta danna. Sumayya ta ce rabon da ta ga haƙoran mahaifiyarta a waje haka har ta manta, wannan hoton take so a wanke babba.

Da Fiddausi ta buɗe shi a kwamfuta, sai ta ga matsala. Kuncin hagu lafiya lau, tsagar Gobir ta fito layi-layi daga gefen baki zuwa kunne. Kuncin dama kuwa rana ta cinye shi. Ta ja haske ƙasa, farin ya koma toka, babu komai a ƙarƙashinsa, ko alamar layi ɗaya. Ta gwada nan, ta gwada can, ta rufe kwamfutar, ta zagaya tsakar gida, ta sake buɗewa. A ƙarshe ta kwafi kuncin hagu, ta juya shi, ta ɗora a dama, ta daidaita gefuna. Ya zauna daram. Ta tura wa Sumayya a waya tana jin daɗin kanta.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Fiddausi, mi kika yi ma huskar Inna?"

"Rana na gyara, Anti."

"Wagga ba Inna ta ba. Tsagar Gobir ba ta zuwa daidai, gefe guda ya ɗara guda. Kuma ta dama akwai wadda ta karkace nan kusa ga kunne. Tun ina goye nike taɓa ta."

Kunya ta rufe Fiddausi. Ta ce a ba ta dama ta zo ta sake ɗaukar kuncin kaɗai a inuwa. Sumayya ta ce Malama ta tafi Kwalkwalawa wurin ɗanta Saifullah da ke koyarwa a jami'a, kuma ita dai ba za ta sake roƙonta ba.

Washegari Fiddausi ta rataya kyamara ta hau keke napep. Hanyar ta yi mata nisa. Suna ratsa fadama tana ta gyara zama, tana shirya maganar da za ta faɗa tana rushewa. Ta sami gidan da tambaya. Ta tarar da Malama a gindin dogon yaro, ta riga ta tara matan maƙwabta tana biya musu karatu. Fiddausi ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara bayani da sauri, Malama ta ɗaga mata hannu ta nuna mata gefen tabarma.

Zaman nan ya yi wa Fiddausi wuya. Ta buɗe jaka ta rufe, ta goge gilashin kyamara da ba shi da datti, ta duba waya, ta miƙe kamar za ta sha ruwa ta koma. Malama ba ta ko dube ta ba. Sai da aka yi la'asar, matan suka watse, sannan ta ce ta matso. Fiddausi ta nuna mata hoton na asali da wanda ta gyara, ta faɗi abin da ta yi ba ta rage komai ba.

Malama ta daɗe tana kallon wayar, ta kai hannu ta shafa kuncinta na dama.

"Wanzamin da yay yi min ita tsoho na, hannunai na rawa. Kakata tac ce ina ta mutsu-mutsu, shi as sa guda ta kauce." Ta yi ɗan murmushi. "Ɗiyana ba wanda anka yi ma. Daga ni ta ƙare."

"Malama, ki yi haƙuri, ɗauka guda kawai."

"Ni kau nic ce sau guda za a ɗauke ni." Sai ta ja mayafinta baya ta juya kuncin. "To, tunda kin ɓata, gyara. Amma kunci kaɗai."

Rana ta yi sanyi, hasken ya kwanta a fatar tsohuwar lumui, kowane layi ya fito, har da karkatacciyar. Fiddausi ta riƙe numfashi ta danna.

Aikin ya ci mata yini biyu. Ta yanko kuncin, ta karkata shi ya bi dariyar da ke hoton farko, ta ɗumama launinsa ya dace da hasken rana tsaka. Goshin ma ta rage masa ƙyalli, amma ta bar kaɗan, don da ta share duka sai ta ga fuskar ta zama kamar ta roba. Sumayya ta karɓi hoton a firam, ta kai yatsa kusa da kunnen dama, sai hawaye. Malama da ta dawo gari aka nuna mata, ta ce haƙoran sun yi yawa, a kai shi ɗakin Sumayya.

Tun daga nan mata masu tsaga, Gobirawa da Kabawa da Zabarmawa, suka riƙa aiko wa Fiddausi, don labari ya bazu cewa ba ta share wa mutum fuska. Ta sa an ɗinka mata farin zanen gado a jikin sanduna biyu, in ta je taro sai ta kama mata biyu su riƙe shi saman wadda za a ɗauka. Yanzu tana da ɗan shago a bakin titi a Gawon Nama, amma da wuya ka same ta a ciki. Kwanan baya ta fara yi wa Alhaji Gambo maganar tana son zuwa Kaduna koyon haɗa bidiyo a wata makaranta. Ya ce ta bari sai bayan Sallah a yi shawara. Ta ce to, ta fita tana neman lambar makarantar a waya.