Yadda Na Ɗora Sabon Tudu a Taswira

Tashi

Kafin kiran sallar asuba na goya 'yata Ummi, ƙanen mijina ya ɗauke mu a babur zuwa Ngong. Ga dalilin tafiyar: tun da ruwa ya cinye tsohon garinmu muka haura tudu, amma taswirar masu haƙa rijiyar burtsatse tana can inda muka baro. Motarsu ta je ta tarar da kufai, ta juya. Mu kuwa ruwan kogi muke sha, Ummi ta sha zawo har na fid da rai. Mata suka ce ni zan je Garwa, tunda ina da gwaggo a can.

Ngong zuwa Garwa

Hantsi ya yi kafin mota ta cika. A shingen jandarmomi na yi wuf na miƙa katin shaida tun kafin a tambaye ni. Direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, ke da jaririya, me kika sata?" Kowa ya yi dariya, ni dai ina taɓa goshin Ummi. Da muka hau gadar Binuwai na rufe ido, ban buɗe ba sai a tasha.

Gwaggo Asabe tana sayar da abinci a unguwar Rumde Ajiya. Ta zuba mini tuwon masara da miyar yakuwa, ta ce, "Ci, 'yar nan. Ba a shiga ofis da yunwa, baki sai ya mutu."

Ofishin taswira

Washegari Gwaggo ta raka ni. Muka sami wata Madam, Bafillatana mai tabarau, gaban kwamfuta. Ta nuna mini hoton ƙasa da aka ɗauko daga sama. Ta taɓa, hanyoyi suka fito. Ta sake taɓawa, rijiyoyin yankin suka bayyana kamar ƙwayar gero. Ta ce na'urar tana auna garin da ya fi nisa da ruwa, shi ake fara kai wa mota.

"Sunanku na gani a bakin kogi. Nuna mini inda kuke yanzu, in ba haka ba ban da abin da zan ba direba."

Na duba. Ban taɓa ganin gari daga sama ba. Ko'ina bukkoki ne kamar an kifa ƙore, duk iri ɗaya. Na nuna wani, ta ce wannan da rijiyarsa. Na nuna wani, ta ce rugar shanu ce. Ummi ta fara kuka, ni ma saura kaɗan.

Ta ce, "Kada ki nemi gida, ƙanwata. Me kuke da shi mai faɗi, wanda tsuntsu zai gani?"

Sai na tuna falalen dutsen da muke shanya barkono, musamman maƙwabciyarmu Inna Kande. Na tambaye ta ko hoton na rani ne, ta ce e. Ta riƙa jan ƙasar a hankali, tana bin kogi. Can na hango ja, kamar an ɗiga jini a tabarma.

"Tsaya! Ga barkonon Inna Kande!"

Ta ƙara girman wurin. Ga tsamiya, ga rumfar da mijina yake fawa. Gwaggo ta saki guɗa a ofishin mutane, har mai gadi ya leƙo. Madam tana dariya ta kama yatsana ta ce in danna da kaina. Ɗigo ya zauna, ta rubuta Sabon Tudu.

Komawa

Da muka hau gada wannan karon, ido buɗe na ƙetare. Na isa gida bayan la'asar, mata suna jira a kan falalen. Inna Kande ta ce ashe barkononta ya riga ta zuwa birni.

Kafin damina motar ta zo, ba ta ɓata ba. Bokitin farko ni aka ba, na wanke wa Ummi fuska na ba ta ta sha. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Gwaggo, da Madam wadda ko sunanta ban tambaya ba.