Koren Waken Da Ya Kusa Hana Ni Aure

Jama'ar wannan mujalla, ga nawa labarin, ko wani zai ƙaru. A ƙarshen mulkin Faransa ni saurayi ne ɗan wani ƙauye kusa da Tounouga, sabon dawowa daga aikin soja a Indoshin, can yankin Asiya, kaina cike da iska. Tsarabar da na fi ji da ita wani ƙaramin wake ne kore shar, bai fi ƙwayar dawa ba sosai, wanda na saba ci a can. Na taho da shi a gwangwani, na bi majalisa-majalisa ina cika baki cewa bana ƙasar Gaya za ta ci abin da ba ta taɓa ci ba. Akwai kuma yarinyar da nake so. Da kawuna ya kai wa mahaifinta maganar, sai dattijon ya yi dariya ya ce ya ji labarin wakena. Ya ce in hannun da ya riƙe bindiga bai manta fartanya ba, in noma waken in cika masa ƙwarya guda, sannan a yi zancen aure.

Ruwa na sauka na share fili a bakin fadama, na tara ganye na banka wuta, na bar ƙasa fes kamar filin fareti. Wake ya tsiro gwanin sha'awa. Ba a jima ba sai gindin kowane tsiro ya yi baƙi, ya tsuke kamar zare, ya kife. Na sake shukawa, haka dai. Samari suka laƙaba mini Kaftin Wake, suna sara mini in na gifta. Yarinyar ma ta aiko ƙawarta ta tambaye ni ko waken kewar garinsu yake yi. Na yi dariya a fili, amma abin ya dame ni, don irin ya kusa ƙarewa kuma ba inda zan samo wani.

Wata safiya na je gindin ɗorawar da nake zama in buɗe gwangwanin, sai ga ƙwayoyin da suka zube sun tsiro ɓul-ɓul cikin ruɓaɓɓen ganye, ƙasar wurin duk fumfuna fara da kore, irin ta kwanannen tuwo. Na ɗaga fartanya zan kwashe ƙazantar ke nan, malamin gona da muke kira mushe ya biyo a kan keke ya daka mini tsawa. Ya tsuguna ya duba, ya ce fumfunar ƙasa iri-iri ce: akwai mai kashe tsiro, mai son laima, akwai kuma wannan da ke cinye ta. Ya ce in bar fadama in hau tudu, in cuɗa sauran irin da wannan ƙasa, in zuba tafi guda a kowane rami, kuma kada in sake kunna wuta.

Haka na yi. Ƙalilan ne suka kife. Da kaka ta yi na kai ƙwaryata har tana zuba. Mahaifin yarinyar ya sa aka dafa, ya tauna a hankali, ya ce namu na gida ya fi shi daɗi, amma magana zarar bunu ce, ya ba ni ƴarsa.

Har yau ina jin kunyar bakin da na cika tun iri na cikin gwangwani. Ƴan uwa manoma, ku daina ƙone ganyen gonakinku don neman a ce kuna da tsabta. Ba duk abin da ya ruɓe ba ne maƙiyinku. Ku tsuguna ku duba, ku tambaya, kafin ku ɗaga fartanya.