Kawu Hadi da Gilashin Motar Alhaji Mamuda

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a tashar Kura ya san Kawu Hadi ba ya gaida mutum sai ya fara gaida gilashinsa. Ka miƙa masa hannu, ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya je ya ɗora farcen babban yatsansa a kan gilashin gaba, ya ja shi a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, kai a karkace. In farcen bai maƙale a ko'ina ba, sai ya juyo ya ce, "Af, Malam, kai ne? An tashi lafiya?" In kuwa ya maƙale, to ka shiga uku, ko gaisuwar ma ba za ka samu ba.

Ni ne Sabi'u direba, ɗan ƙanwarsa, don haka na ga abin da wasunku ba su gani ba. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Hauwa, liman ya zauna, an raba goro, aka nemi uban amarya sama da ƙasa. Can na gano shi a bakin layi, ya duƙa a gaban bas ɗin da ta kawo dangin ango.

"Kawu, liman yana jira fa!"

"Liman ba zai tsage ba," in ji shi. "Wannan tsagar gilashin kuwa kafin a shafa fatiha ta kai wajen madubi. Kira min su, su turo ta inuwa."

Wallahi haka aka yi. Baffannin ango da manyan riguna suka tura bas har gindin darbejiya, sannan aka ɗaura aure.

Kayan aikinsa duka a 'yar jakar fata ɗaya suke: sirinji, reza, ɗan injin huda, da kwalbar gam da yake ɓoyewa a aljihun ciki kamar turaren Makka. Zai huda ɗan rami a daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba, ya ɗura gam, ya lulluɓe da leda, a tura motar rana ya bushe, ya kankare da reza. In ya gama sai ya buga ƙirji, ya faɗi maganar nan da duk kun haddace: "Tsagar da Hadi ya tsayar ba ta ƙara taku ɗaya!" Abin haushin, gaskiya yake faɗa. Ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne sitika. Kun san halinmu, dutse ya fasa gilashi sai mu nemi wani abu mu liƙa a kai, mu ce an rufe. Wani direba a tashar, Iliya Dogo, ya taɓa zuwa da hoton wani ɗan takara manne a kan ramin. Kawu ya kalli hoton, ya kalli Iliya.

"Wannan bawan Allah ne zai riƙe maka gilashi?"

"Kawu, ai ya rufe wajen."

"Mutumin da bai gyara titin da ya fasa maka shi ba? Ɓare shi, ko in ɓare shi da kunnensa!"

Sai kuma dokarsa ta zafi. Kawu ba ya taɓa gilashin da ya sha rana, ko wane ne ya kawo shi. Wani babban mutum ya zo daga Kano da azahar, mota sai ƙyalli, ya ce a yi masa yanzu-yanzu. Kawu ya ɗora bayan hannu a gilashin, ya ce sai la'asar.

"Malam, ka san ko ni wane ne kuwa?"

"Ni na sani, ranka ya daɗe. Gilashin ne bai sani ba."

Mutumin nan a kan benci ya zauna yana shan rake har aka kira sallah.

To, yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki biro. Shekarar da matata ta haifi tagwaye, na yi wata da watanni ba ni da mota a hannu. Da ƙyar Alhaji Mamuda, mai gonakin tumatir a Bunkure, ya ba ni tuƙin a-kori-kurarsa. Kun san Alhaji: direban da na gada, madubin gefe kawai ya fasa aka karɓe makulli. Mako na biyu da fara aiki, wata tipa ta watso mana tsakuwa, gilashi ya yi 'yar tsaga kamar tsawon yatsa. Allah ya so ni Alhaji yana cikin motar, ya ga ba laifina ba ne. Muka wuce wajen Kawu tare.

Kawu ya yi aikinsa tsaf, ya buga ƙirji, sannan ya kama kunnena a gaban Alhaji.

"Sabi'u, ka ji ni da kyau. Kada ka kuskura ka watsa masa ruwan sanyi da rana. Ka wanke da sassafe, ko ka bar shi da dattinsa."

Alhaji ya ce, "Ka dai ji." Na ce na ji.

Ban ji ba. Kwana biyu tsakani na sauke tumatir a kasuwa, rana ta take, mota ta yi kaca-kaca da ruwan tumatir da laka. Na biyo ta bakin kanal, ga direbobi sun jera motoci suna wanki kamar yadda muka saba, ga ruwa yana gudu, sanyi ƙarara, kyauta. Ban ma yi tunani ba. Na cika bokiti na sheƙa wa gilashin nan da ya wuni a rana. Sai na ji ƙas! Ina kallo tsagar ta tashi daga inda Kawu ya tsayar da ita, ta mimmiƙe har gefen fasinja. Na zauna a bakin kanal, tagwaye kawai nake gani a idona.

Na lallaɓo tasha. Kawu ya zo gaban motar. Ya bi tsagar da farce, ya ɗaga waifa mai share gilashi, ya zaro wani koren abu.

"Kanal?"

"Kawu, yayyafi ne ya…"

"Yayyafi da tsakar rani? Har da gansakuka? Kai, wannan hadari ya yi ƙoƙari."

Kafin in buɗe baki sai ga Alhaji a bayan babur, don labari a tashar nan ba ya kwana. Ya dubi gilashi, ya miƙo min tafin hannu.

"Sabi'u, makullina."

Hannuna yana aljihu Kawu ya ce, "Alhaji, ƙyale yaron nan. Laifina ne."

Iliya Dogo har ya saki kofin shayinsa.

"Malam Hadi, kai?"

"Ni. Daga hannuna motar ta fita, kuma bai kamata in bari ta fita ba."

Alhaji ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Murnar ya kama Hadi da kuskure ta sa ya mance da makulli. Ya ce gobe in kai motar Kano a sa sabo, ya hau babur yana ta maimaitawa, "Yau tsaga ta ƙara taku!"

Daga ranar kun san abin da kuka yi masa. Da ya gama aiki ya ɗaga hannu zai buga ƙirji, sai wani ya ce, "Kawu, ya gilashin Alhaji Mamuda?" A fashe da dariya. Shi kuma ya mayar da hannun aljihu. A hankali ya daina maganar gaba ɗaya. Ya gama, ya goge reza, ya ce a tafi. Ni kuma, Allah ya yafe min, ina tsaye a wajen, wani lokaci har da ni ake darawa don kada a gane.

Sau ɗaya na same shi shi kaɗai na ce, "Kawu, ka yi ƙarya saboda ni."

Ya harare ni. "Wace ƙarya? Na san ka tun kana tsumma, na san ba ka da hankali, na kuma bar ka ka tafi da mota. Laifin wa ke nan?"

Na yi shekaru ina tuƙa motar Alhaji, da ita na ciyar da tagwaye har suka shiga makaranta. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, har aka wayi gari muka ɗauki Kawu zuwa makwancinsa ban faɗa ba. To, Iliya, da kai da sauran 'yan tasha, da Alhaji in an karanta maka: ni na zuba ruwan kanal. Aikin Kawu bai taɓa gazawa ba, ko sau ɗaya. Ni na karɓe masa maganar da ya fi so a bakinsa, ya bar min ita bai taɓa yi min gori ba, kuma abin yana cina har yau.

Allah ya jiƙan Kawu Hadi. Yadda ya rufa min asiri a tsakiyar tasha, Allah ka rufa masa nasa ranar da kowa zai tsaya. Ka sanyaya makwancinsa, ka yafe masa, mu ma ka yafe mana. Amin.