Akushin da Baba Ya Babbake

Na daɗe ina sana'ar katako a Gumel. Na yanke a hannu ba adadi, inji ya taɓa wurgo min katako a goshi har yau da tabon, amma duk waɗannan sai an tuna min nake tunawa. Abin da har abada ba zai bar raina ba shi ne ranar da na tarar da mahaifina a ƙauyenmu na bayan Ɗanzomo yana babbake akushin da na yi wata da watanni ina haɗawa.

Gidanmu gidan sassaƙa ne. Da gizago Baba ya ciyar da mu, yana sassaƙa turmi da akushi da ƙotar fartanya, ana zuwa saye har daga tsallaken iyaka. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, balle yabo. Daga "kai" sai "wannan". Da na tasa, manyan itatuwan da ake sassaƙawa sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma ma'aikatan daji na sa ido a kansu. Sai na ajiye gizago na tafi Gumel koyon kafinta, na ƙware a kan injin da ke juya katako, wanda ake fere ƙafafun gado da shi. Baba bai hana ni ba. Amma duk abin da na yi na kai masa ba ya taɓawa. Kujerar da na ƙawata masa, kaji ne suka mai da ita wurin kwana. Abin yana ci min rai ƙwarai, kuma burina bai wuce ɗaya ba: in ga Baba ya ci tuwo a abin da hannuna ya yi.

Matsalar ita ce akushi gungume guda yake so, ni kuwa ba ni da shi. Abin da nake da shi guntaye ne, tuli guda a bayan shago, waɗanda mata ke zuwa roƙa don hura wuta. Wata rana a waya na ga wani mutum a wata ƙasa yana yanka guntayen katako ƙanana, yana manna su da gam su zama zobe, ya ɗora zobe kan zobe kamar mai jera bulo, sannan ya ɗaura a inji ya fere har kwano ya fito. Na kalla na sake kalla har cajin wayar ya ƙare. Washegari na hana kowa ɗibar guntayen nan.

Ashe kallo daban, yi daban. Kowane guntu sai bakinsa ya karkata daidai da na ɗan uwansa, in ya kuskure da kaurin farce, zoben ba zai rufe ba. Na farko da na ɗaura a inji, yana fara gudu ya tarwatse, guntayen suka watsu har shagon mai walda. Matata kuwa ta samu abin tsokana. In na dawo gida da gam a yatsu sai ta ce, "Maigida, wai akushi kake yi ko ginin soro? In gini ne a sa mana taga." Na kan yi dariya, amma raina ba ya so. Na ci gaba. Na zaɓi madaci don ja, aduwa don fari, kirya don duhu, na riƙa ɗaure kowane zobe da robar taya in bar shi ya bushe a inuwa.

Ranar da na gama fere shi na goge da sanfefa, takardar goge katako, ni kaina sai da na zauna. Ja da fari da baƙi sun kewaye shi hawa-hawa, irin zanen da ake yi wa hula, ka shafa kuma ba za ka ji inda wani ya haɗu da wani ba. Wani ɗan kasuwa da ke kan hanyarsa ta Maigatari ya tsaya ya nace sai na sayar masa. Na ce ba na sayarwa ba ne, yana da mai shi. Na naɗe shi a zani, na hau mota ranar Juma'a da safe.

Na samu Baba a gindin bishiyar maina a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na warware zanin na tura gabansa. Ya ɗauka, ya kifa, ya bi mahaɗan da farce, ya ƙwanƙwasa gindin ya saurara. Ya daɗe yana juya shi.

"Itace nawa aka kayar?" ya tambaya.

"Ko ɗaya, Baba. Guntayen shago ne."

Ya ce, "To," ya ajiye a gefensa. Shi ke nan. Na tashi ina cewa a raina wannan ma ya bi sahun kujera.

Bayan an sauko daga masallaci na zagaya gaishe-gaishen dangi, ban dawo ba sai la'asar. Tun daga bakin lungu na ji ƙaurin itace. Ina shan kwana na hango Baba a tsugune gaban garwashi, akushina a kife a kan gwiwarsa, yana ciro wani faffaɗan ƙarfe da ya yi ja yana danna masa. Hayaƙi na tashi. Rabin bayan ya riga ya zama baƙi ƙirin, ja da farin nan duk sun tafi. Wallahi sai na ji kamar a ƙirjina yake danna ƙarfen. Bakina ya cika da magana, amma ba a ɗaga wa uba murya, sai kawai na ce, "Baba, adon ne ai aikin."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka taɓa ganin an ci tuwo a farin akushi?"

Na wuce cikin gida idona ya kawo ruwa, ni da nake da iyali. Inna, mahaifiyata, tana bakin murhu tana narka man kaɗe a ɗan kasko. Ta dube ni ta taɓe baki.

"Ji shi, kamar ba a gidan nan ya tashi ba. Me kake wa kumburi?"

"Inna, ya lalata min aiki."

"Lalatawa? Leƙa bayan rumbu ka gaya min abin da ka gani."

Ba sai na leƙa ba, na sani. Nan ne yake jefa duk akushin da bai gamsar da shi ba, farare, wasu ana ba awaki dusa a ciki. Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan, bai taɓa ɓata garwashinsa a kan abin da bai yarda da shi ba. Kana fita ya ce in narka mai, in kuma tuƙa tuwo da wuri. Me kake so kuma, ya tashi ya yi maka kirari?"

Na tsaya ina juya maganarta. Ina cikin haka na ji muryarsa daga waje: "Kai, zo nan." Na fita. Ya nuna min wata 'yar tsaga kusa da baki, inda zafi ya buɗe mahaɗa. "Abin mannin nan naka ba ya son wuta. Ba zan taɓa cikin ba, kada ya rabu. Karɓi, ƙarasa nan, a hankali, kada ka bar ƙarfen ya kwanta." Ya miƙo min ƙarfen. Da hannuna na ƙarasa baƙanta abin da na yi watanni ina ƙawatawa, yana riƙe min da akushin, kawunanmu a haɗe cikin hayaƙi. Da muka shafe shi da mai muka goge, sai ga zanen ya leƙo ta ƙarƙashin baƙin a hankali, don kowane itace da yadda ya karɓi wuta. Cikin kuma yana nan da launukansa.

Bayan magariba Inna ta kawo tuwon gero da miyar kuka a cikin akushin. Baba ya yi bisimilla ya kai loma, ya sake kaiwa. Ina daga gefe ina satar kallo. Can ya matsar da akushin ya ce, "Wannan, matso ka sa hannu." Ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba sai ranar. Na riƙa ci cike da daɗi ina sunkuyar da kai.

Bai fi mako biyu ba ya zo Gumel da kansa, wai ya zo duba farashin gero. A shagona ya wuni, yana kallon inji yana gyara min zurfin gindi da kaurin baki. Na canza gam, na koyi yi wa bayan akushi wuta sama-sama. Yanzu irin wannan nake yi, baƙi a waje, ado a ciki, kuma masu kai wa iyayensu tsaraba har daga Gagarawa suke aiko min.

Abin da na koya shi ne, ba kowa ne ke iya faɗin "na yarda da kai" da baki ba. Mutanenmu da yawa da aikin hannu suke faɗa, ta hanyar da suka gada. Tun daga ranar, in babba ya yi min abin da ya ɓata min rai, na kan dakata in tambayi kaina yadda yake nuna yardarsa, kafin in yanke cewa ƙi ne. Da fushi ya kore ni a yammacin nan, da na koma Gumel ina kukan an ƙi ni, a ranar da aka karɓe ni.